Hannuwan Preben

Mijina Preben kafinta ne. Ya daɗe da ajiye aiki, amma har gobe in ya ga ƙusa ta leƙo daga katako sai ya je ya nemo guduma. Ni kuwa Bodil, duk wanda ya taɓa zama a gidanmu na bayan tashar jirgin ruwa a birnin Aalborg ya san bakina. Ba na iya ƙunshe magana, don haka zan faɗi abin nan yadda ya faru, mai jin haushi ya ji.

Gidan bene ne babba, ya zagaye tsakar gida, mu muna hawan ƙasa. Tagar kicin ɗinmu tana kallon wurin da ake jera kekunan jarirai. Tun ina amarya haka na tarar ana yi. Da an ci abincin rana uwa za ta naɗe ɗanta cikin fatar tunkiya da bargo, ta kwantar da shi a keke, ta turo shi tsakar gida ya sha barcinsa a iska, ko da dusar ƙanƙara na sauka, ita kuma ta haye sama ta ci gaba da aikinta. Yaron da ya yi barcin rana a ɗaki ai da majina da rigima yake tashi. In wani ya motsa ya fara kuka, wanda ya fi kusa shi ke jijjiga keken, ba a tambayar ɗan waye. 'Yarmu Solvej a wurin ta yi nata barcin, kuma rabin matan gidan sun jijjiga ta.

Da Preben ya bar aiki sai tagar nan ta zama ofishinsa. Zai zauna da kofinsa da burodin baƙin hatsi, ido a kan kekuna kamar makiyayi.

"Sarkin kekuna," nake ce masa, "albashin naka wa ke biya?"

"Ke dai ki ji da tukunyarki, tsohuwa. Na uku daga hagu ya kusa tashi."

Kuma sai ka ji na ukun ya canyara kuka. Ya san su fiye da yadda ya san ranar aurenmu.

A bayan ƙofarmu akwai wani katako da ya jera wa ƙusoshi, kowace ƙusa da makullin wani maƙwabci. Wanda zai yi tafiya, wadda take yawan mantuwa, mai kyanwar da za a ba abinci, duk wurin Baba Preben suke ajiya. Ba wanda ya taɓa cewa a yi haka, abin ya taru ne da kansa.

A hunturun da nake magana Solvej ta haifa mana jikanmu na fari, Anker. Mun jira shi har mun fara fid da rai. An shirya cewa in hutun haihuwarta ya ƙare, kafin a samar masa gurbi a gidan raino, kakansa ne zai riƙa yini da shi. Ni gwiwata ba ta barina in yi ta ɗauka da saukewa. Wayyo, ku zo ku ga tsoho da rawar kai. Ya sauko da tsohon keken da Solvej ta kwanta a ciki, ya kai shi rumfar kekunan hawa inda yake da ɗan teburin aikinsa, ya kwance shi kaf, yana goge tsatsa yana ɗinka sabuwar rumfa. Ni da na nemi ya gyara min ƙofar kabad tun bara ban samu ba.

"Abokina zai kwanta a ciki," in ji shi. "Ba zan sa shi a waɗannan na zamani masu kama da kwandon shara ba."

"To ka yi a hankali, in ya girma ni zai aura ya kore ka daga gidan."

"Ya ɗauka, na yafe masa."

Ana nan sai iska ta juya, aka sami ɗumi kwatsam, ƙanƙarar kan rufi ta fara narkewa. Ranar ina kasuwa, abin da ya faru kafin in dawo daga bakinsa na ji, kuma na yarda da shi kamar yadda na yarda da sunana. Wata yarinya, Malou, da ke hawa na uku ita da mijinta Asger, ta ajiye keken 'yarta Frida jikin bango. Preben ya ɗaga kai ya ga wani falalen ƙanƙara ya zamo ya leƙo ta kan indararo, daidai saman keken. Ya fita ya kira ta, shiru. Ya danna ƙararrawarsu, shiru, ashe wanka take. Sai ya tura keken ya zagaya da shi kwana ya shigar da shi rumfar da yake aiki. Jaririyar ta farka, ya sa hannu yana gyara mata bargo yana mata 'yar waƙa.

Ina shigowa da jakata na ji ihun Malou. Ta fito da jiƙaƙƙen gashi, ƙafa ba takalmi, tana zagaye tsakar gida tana kiran sunan 'yarta. Ban ga laifinta a nan ba, kowace uwa haka za ta yi. Preben ya leƙo daga rumfa yana murmushi, ya ce, "Ga ta nan, 'yata, kwantar da hankalinki."

Ta fizge yarinyar daga keken, ta rungume, ta ja da baya. Irin kallon da ta yi masa ban taɓa ganin an yi wa mijina ba.

"Me kake yi da ita a nan ciki?"

Ya nuna mata rufin. Ta ɗaga kai ta duba. Falalen ƙanƙarar nan yana nan daram, ko motsi bai yi ba. Da ya faɗo a lokacin da yanzu Preben gwarzo ne, da har kek za a kawo mana. Bai faɗo ba sai bayan kwana biyu, lokacin da babu mai kallo, kuma ya lanƙwasa murfin kwandon shara kamar takarda. Na nuna wa duk wanda ya gitta. Kowa ya ce "Allah ya kiyaye" ya wuce abinsa.

Ashe tun da aka sace wa Asger keken hawa ya maƙala kyamara a saman ƙofar benensu. Kafin la'asar ya saka hoton bidiyon a guruf ɗin gidan da ke waya. Na kalla har idona ya yi zafi. Ga tsoho ya fito, ya duba hagu, ya duba dama, ya ɗaga kai sama, sannan ya kama keken ya fice da shi daga hoton. Uwar yake nema, jama'a. Amma a hoto kamar mai duba ko ana ganinsa. A ƙasa Asger ya rubuta, "Iyaye, a riƙa kula." Iyakarsa ke nan. Bai ce Preben ya yi komai ba, kuma wannan ne ya fi ƙona min rai. Da ya fito ya faɗa, da na san abin da zan ƙaryata.

Washegari 'yan sanda biyu suka zo, yara ƙanana, sa'annin Solvej. Sun cire takalmi a bakin ƙofa, sun yi ladabi, amma sun ƙi shan kofina. Suka yi tambayoyinsu, suka je suka duba rufin, suka ce babu laifin komai.

"Sai dai, Baba," in ji macen cikinsu, "nan gaba kar ka taɓa. Ka kira iyayen, ko ka kira mu."

"In kira ku ƙanƙara ta jira ku iso?" na ce.

"Bodil," in ji Preben, "bar su. Aikinsu suke yi."

Na ɗauka an gama. Ina, ashe yanzu aka fara. Motar 'yan sanda ta tsaya a ƙofarmu, kowa ya gani, kuma ba wanda ya ji abin da suka faɗa a ciki.

Kekunan ne suka fara ƙaura. Wurin da rana ke bugawa, gaban tagarmu, ya zama fili, aka koma can ƙuryar inuwa inda iska ke kaɗawa. Gara yaro ya sha sanyi da dai tsoho ya kalle shi. Masu cewa "Baba Preben, ina kwana" suka koma ɗaga hannu daga nesa, ido a waya. Na ji da kunnena wata tana ce wa sabuwar maƙwabciya "mutumin nan na hawan ƙasa".

Sai aka shiga karɓar makullai. Kowa da dalilinsa. Wannan zai canza kuba, wancan ƙanwarsa za ta zo hutu, wata kyanwarta ta mutu, alhali da safe na ga kyanwar a taga tana lasar ƙafa. Preben zai ciro makullin daga ƙusa ya miƙa, har da cewa "a gaida gida". Wadda ta fi min ciwo Grethe ce. Tare muka yi goyo da matar nan, ni na wanke mijinta lokacin da jinya ta kwantar da shi. Ta tsaya a bakin ƙofa tana murza safar hannunta.

"Ɗana ne ya matsa, Bodil. Wai zai sa min irin ƙofar nan mai lambobi."

"Grethe, dube ni. Kin yarda da abin da ake faɗa?"

"Haba, ni? Ko kusa. Ai na san Preben." Sannan ta ƙara da cewa, "Sai dai kin san zamanin nan, ba ka sanin mutum. Kullum ana nunawa a labarai, kuma kullum maƙwabta cewa suke mutumin kirki ne."

"To ke nan kirkin nasa ne shaidar laifinsa?"

Na ciro makullin da kaina na jefa mata cikin jaka, na rufe ƙofa. Har yau ba mu sake shan kofi tare ba, kuma ba na kewarta. Ƙarya nake, ina kewarta, amma ba zan je ba.

A taron mazauna gida aka kafa doka cewa kada kowa ya taɓa keken da ba nasa ba. Ba a ambaci suna ba, ai mu mutane ne masu wayewa. Na miƙe na tambayi Asger wa ya buɗe masa ƙofa ranar da ya kulle kansa a waje da gajeren wando. Aka yi 'yar dariya aka haɗiye. Ya ce shi bai zargi kowa ba, yana kare iyalinsa ne kawai, kuma da ni ce a matsayinsa haka zan yi. Aka ɗaga hannu, doka ta wuce. Preben bai je ba. Da na dawo na tarar ya saki labulen kicin, ya juya kujerarsa tana kallon bango. Duk da haka kullum da safe yana zuwa rumfa wurin keken jikansa. Nan ne kaɗai nake jin yana fito.

Ran Lahadi Solvej ta zo ita kaɗai, ba yaro, ba miji. Tun daga yadda ta ajiye jakarta na san da magana. Mijinta Rune mutum ne mai bincike, ko man goge baki ba ya saya sai ya karanta ra'ayin mutum ɗari a waya. Wani ya tura masa hoton bidiyon. Babanta yana rumfa, muka zauna a kicin ina feraye dankali.

"Mama, Rune ya ce ko a ɗan dakata da maganar rainon nan."

"Rune ya ce. Ke me kika ce?"

"Ni na san Baba. Amma ɗan namu ne mu biyu, kuma in wani abu ya faru..."

"Wane abu?"

Ta sunkuyar da kai tana jan zaren rigarta. Sannan ta yi tambayar da har in mutu ba zan manta ba.

"Mama, tsakaninki da Allah. Lokacin da nake ƙarama, ba ki taɓa lura da wani abu ba? Ni ban tuna komai ba, amma an ce yara suna mantawa."

Wallahi da ba 'yar cikina ba ce da wuƙar dankalin nan ta yi aiki. Na ce mata mutumin nan shi ya riƙa yawo da ita a kafaɗa lokacin da haƙori ke hana ta barci, shi ya koya mata ninƙaya, shi ya sayar da ƙaramin jirginsa don ta yi karatu. Na ce ta ji kunya. Ta fara hawaye tana cewa tambaya kawai ta yi, wai dole ne uwa ta tambaya, haka ake faɗa musu a ajin masu jego.

Sai muka ji ƙarar wani abu a soro. Na leƙa. Preben ne tsaye da tayar keke a hannu, ya shigo neman man shafawa, gwangwanin ya suɓuce masa. Ban san tun yaushe yake wurin ba, amma fuskarsa ta gaya min ya ji. Ya durƙusa ya ɗauki gwangwanin, ya goge man da ya zube da hannun rigarsa.

"Solvej, kin zo? Yaya abokina?"

"Lafiya lau yake, Baba."

"Madalla."

Ya juya ya fita. Daga ranar ban sake jin fitonsa ba. Keken ya rage taya ɗaya a gama shi, kuma haka yake har yanzu, ya lulluɓe shi da tsohon zanen gado.

Daga baya aka yi sulhu, in sulhu ne wannan. Gidan raino ba gurbi, su kuma dole su koma aiki, don haka aka amince a riƙa kawo Anker, amma ni ce mai riƙo, kuma kar in yi nisa. Suka zo da nasu keken, sabo fil, da 'yar kyamara a jikin mariƙinsa wadda ke kai hoto da murya har wayar Solvej a ofis. Rune ya yi ta bayanin cewa ba don kowa aka sa ba, duk iyaye haka suke yi yanzu. Preben ya ce ai abu ne mai kyau, har ya taya shi ɗaure ta. In yaron na falo shi yana kicin. In na ce ya miƙo min shi sai ya ce hannunsa da datti.

Wata rana da azahar na kwantar da Anker a keke gaban tagarmu, inda rana take, don ni ba zan kai jikana ƙuryar inuwa ba. Sama garau. Na ce wa tsoho zan sauka ɗakin wanki na ƙarƙashin ƙasa in juye kaya, yanzu zan dawo. Injin wankin ya maƙale, na tsaya kokawa da shi, ga ƙarar sauran injuna, ba na jin komai daga waje. Da gwiwar nan tawa kuma hawa matakala ba wasa ba ne.

Ina buɗe ƙofar tsakar gida na ga ruwa ake tsugawa, irin mai haɗe da ƙanƙara. Anker yana tsala kuka har muryarsa ta dushe. Ya yi amai ya ɓata wuyansa, ya shure bargo, fuskarsa ta yi jawur. Preben na tsaye taku ɗaya daga keken, safa ce kawai a ƙafarsa, ruwa na bin gashinsa yana shiga wuyan riga. Ya miƙa hannu ɗaya iya tsawonsa yana riƙe da lema a kan keken. Ɗaya hannun ya ɗaga shi sama, tafin a buɗe, saitin kyamarar. Sunana yake kira, kuma daga jin muryar ya daɗe yana kira.

A tagogin sama na ga fuskoki. Har da Malou, da 'yarta a kafaɗa. Ba wanda ya sauko, ai akwai doka.

Na sure yaron na danna shi a ƙirjina. Jikinsa sanyi ƙalau.

"Ka haukace ne? Jikanka ne fa. Ba sai ka ɗauke shi ba?"

Bai ko dube ni ba. Ya sunkuya kusa da kyamarar, ya yi magana a hankali kamar mai ba da rahoto.

"Solvej, kina gani ko? Ban taɓa shi ba."

Muna shiga ciki waya ta fara ƙara. Ita ce, tana kuka tana faɗa, wai ta fito daga taro ta duba ta ga an bar mata ɗa cikin ruwa, Baba na tsaye yana kallo, wane irin mutum ne zai yi haka. Na ce mata irin wanda ta ƙera da bakinta ne, na kashe wayar.

Na yi wa Anker wanka da ruwan ɗumi, na canza masa kaya, na ba shi madara. Ya yi ajiyar zuciya ya lafa. Preben yana zaune a kicin da jiƙaƙƙun kayansa, ruwa ya taru a ƙarƙashin kujera. A bayansa ga katakon nan, ƙusoshi tsirara, makullinmu kaɗai ke lilo. Tausayinsa ya kama ni. Keken da kyamararsa suna waje. Na ja labule na rufe ruf, na murza makulli a ƙofa, na zo na tsaya a gabansa da yaron. Anker ya ga gemun kakansa ya miƙa hannu yana ɓangale baki.

"Ungo abokinka," na ce. "Karɓe shi, tsoho, ko na ɗan lokaci ne. Daga ni sai kai, babu mai gani."

Ya kalli yaron, ya daɗe yana kallonsa. Hannuwansa suka taso daga kan gwiwa, sannan ya mayar da su ya cusa a ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne.

"Ai shi ya sa, Bodil," in ji shi. "In an tambaya, ke matata ce. Wa zai yarda da ke?"

Na tsaya da yaron a hannu har gwiwata ta gaji, sannan na kai shi falo na kwantar.